Baƙar Leda a Titin Kawsan

Tun da na dawo daga Bankok ban ɗinka riga ɗaya har ƙarshe ba tare da an katse ni ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shagon, "Malam Haruna, wai da gaske kunama ka ci?" Wani kuma ya ce an gaya masa kulle ni aka yi. Direbobin da ke kawo alhazai ziyarar masallacin Ƙiblatain nan Madina ma, kowa da irin tasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina. Ku yi haƙuri da rubutun, a littafin awon kaya na koye shi.

Alhaji Bakur ne ya ja ni. Ga wanda bai san shi ba, aminina ne na shekaru, ɗan ƙasar nan ne, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙafa. Ya yi aikin matatar mai a Yanbu har ya yi ritaya, ya dawo unguwarmu Bani Harisa da gwiwoyi biyu da ba sa jin magana. Aka ce masa a Bankok akwai masu yi wa gwiwa allura. 'Ya'yansa kowa na aiki, sai ya ce ni zan raka shi.

Ni kuwa fasfon Cadi gare ni. Na bar Injamena ina saurayi, ban koma ba, kuma duk wanda na sani a can ya rasu. Zamana a Madina da iƙama nake yi, wato katin zaman baƙi, ita kuma saura mata kwanaki kaɗan ta ƙare. Saboda haka izinin fita da dawowa da aka ba ni gajere ne, ranar Laraba yake mutuwa. Kafilina, wanda ya tsaya mini a wurin hukuma, tsoho ne yana kwance, 'ya'yansa kuma tuni suke neman hanyar rabuwa da ni cikin mutunci. In Laraba ta wuce ina waje, babu mai buɗe mini ƙofa. Matata Hajiya Kaltume ta ce kada in je. Alhaji ya ce, "Talata za mu dawo, ya Hajiya. Kwana guda cur na sarari. Mafi mushkila, babu matsala." Ni kuma ina son in ga duniya kafin in mutu, sai na goyi bayan wanda ba matata ba.

Jirgi biyu muka hau. A na biyun na zauna kusa da wani Bature mai gajeren wando wanda ya cire takalmi ya naɗe ƙafa a kujera kamar mai jiran tuwo. Da muka sauka, Alhaji ya wuce da koren fasfonsa ko tari ba a yi masa ba. Ni aka nuna mini wani teburi can gefe, wai sai na kawo katin rigakafin shawara, tunda daga Cadi nake. Na ce wa matar da ke teburin da Larabci rabona da Cadi tun ba a haife ta ba. Ba ta ji ba, murmushi kawai take yi tana nuna takarda. Allah ya sa 'yata Zainab ta cusa mini katin a bayan fasfo ban ma sani ba. Mutanen can haka suke, suna murmushi suna hana ka. Mu a nan in jami'i zai hana ka abu, ai yakan ɗaure fuska ka san inda ka tsaya.

Masauki Alhaji ne ya kama da kansa a waya, yana alfahari, wai ya duba ya ga akwai masallaci kusa. Mai tasi ya ajiye mu a bakin wani titi da ake kira Kawsan, ya ce mota ba ta shiga. Muka tsaya da jallabiyoyinmu muna kallo. Turawa ne maƙil, maza da mata, kowa ya goya jaka wadda ta fi shi tsawo, kamar garinsu ne ya ci wuta suka gudo. Wasu an jera su a kujeru a bakin hanya ana matsa musu ƙafa. Wata 'yar ƙasar tana yi wa wani ƙato kitso, gemunsa har ƙirji. Ga masu zanen jiki da allura, ga shagunan giya, ga wanduna masu hoton giwa a rataye, ɗinkinsu ko almajirin tela na wata uku ba zai yi shi ba. Na juya ɗaya na duba ciki, ko kalmasa babu.

Na ce wa Alhaji, "Ya Abu Faisal, wannan ne kusa da masallacin?"

Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan Cadi. A hoto babu mutane."

Ɗakinmu yana hawa na biyu, takalmi a ƙasan bene ake barinsa, bayi kuma na kowa da kowa ne. Ƙofar ɗakin in ka yi atishawa za ta buɗe. Matar da ke kula da masaukin ta nuna mini da hannu cewa in riƙa yawo da fasfona, don 'yan sanda sukan tambayi baƙi irina. Rana ta biyu ruwan sama ya kama ni ya jiƙa mini aljihu, sai na samu baƙar leda na naɗe fasfo da iƙama da ƙaramin Alƙur'anina na aljihu a ciki.

Abinci shi ne ya fara ba mu wuya. Duk abin da ka nuna, sai ka ga wani abu mai ƙafafu yana leƙowa daga ciki. A rana ta biyu na gano wata mata mai ɗankwali har ƙirji tana tura amalanke a wani lungu da ya fita daga titin. Tana soya wani abu da suke kira roti, da ƙwai da ayaba, kusan muɗabbaƙ ɗinmu na nan. Na yi mata sallama ta amsa. Shi ke nan muka samu wurin ci. Aka yi wa Alhaji allurarsa ranar Asabar, likita ya ce ya kwanta kwana biyu kada ya taka, sai ya zama ni ne mai fita sayowa.

Ranar Lahadi da safe, kwaɗayi ya sa na ɗanɗana wani kwaɗon gwanda ɗanya da na ga Turawa na ci suna hawaye. Na ce a raina, wanda ya girma da yajin Injamena ai ba sa'ansu ba ne. Wajen ƙarfe goma sha biyu ina tsaye gaban mai roti, cikina ya yi wata juyawa da ta sa na manta sunana. Akwai bayin haya a ƙarshen lungun. Amma Alƙur'ani yana jikina, ba zan shiga da shi ba.

To ku da kuke nan kun san yadda muke yi. Mutum zai ajiye maka jakarsa a shago ya ce amana, ya tafi Harami, ya dawo bayan kwana biyu ya same ta. Ni kaina akwai akwatin wani alhaji ɗan Maraɗi da ya shekara a ƙarƙashin teburina. Sai kawai na sunkuya na tura ledar a ƙasan amalanken, kusa da tukunyar gas, na ce, "Amana, ya Hajiya." Ta gyaɗa kai. Na ruga.

Da na fito, hankalina kwance. Na ga azahar ta yi, masallacin kuma yana lungu na gaba, na ce bari in yi salla tukuna. Bayan salla na gaisa da Liman, dattijo ne da ya yi karatu a Masar, Larabcinsa na littafi, nawa na kasuwa, amma mun fahimci juna. Da ya ji daga Madina nake ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Aka kawo shayi. Aka kawo wani shayin. Fanka na kaɗawa, na ɗan jingina da ginshiƙi. Kiran la'asar ne ya tashe ni.

Na koma lungun. Babu amalanke. A daidai wurin wani mutum ne ya kafa tire yana sayar da soyayyun kunamu a tsinke.

Na tsaya na duba dama da hagu, na ce ko lungun na ɓata. Na fita titin na sake shigowa. Ga tabon mai a ƙasa inda take tsayawa, ga ɓawon ƙwai. Na ce wa mai kunamun, "Roti? Hajiya?" ina zana ɗankwali a kaina da hannu. Ya miƙo mini kunama. Na ce a'a. Ya rage mini yatsa ɗaya, wai ya yi rangwame.

Na bi titin Kawsan daga wannan kai zuwa wancan sau huɗu. Lokacin ya fara cika, kiɗa na tashi daga kowane shago, masu tuk-tuk, wato baburansu masu ƙafa uku, suna jan hannun rigata. Duk amalanken da na gani sai na sunkuya na leƙa ƙasansa, har wata mata ta ɗaga mini ludayi. Wasu 'yan mata Turawa suka tsayar da ni suna son hoto da ni, sun ɗauka shigar da na yi ta wasa ce. Na tsaya aka ɗauka. Ban san me fuskata ta nuna a hoton nan ba.

Da na hau ɗaki Alhaji ya dubi hannuna ya ce, "Ina rotin?"

Na zauna a bakin gado na gaya masa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. 

Ya ce, "Ka san sunanta?"

Na ce a'a.

"Ta ga lokacin da ka ajiye?"

"Ta gyaɗa kai."

"Kai ta gyaɗa wa, ko mai saye?"

A lokacin ne na tuna akwai wani Bature a gabanta yana nuna ayaba.

Muka sauka wurin matar masaukin, Alhaji na dafe da kafaɗata duk da likita ya hana. Da ɗan Turancinsa na Yanbu ya yi mata bayani. Ta rufe baki da hannu. Ta ce mai rotin da rana take tashi kullum, gobe kuma Litinin, ranar wanke titi ce, hukuma ba ta barin kowa ya kafa amalanke. Sai Talata da hantsi. Mu kuma Talata da asuba za mu bar masauki. Ta ƙara da cewa in na je wurin 'yan sanda takardar ɓata kawai za su ba ni. Alhaji ya buga waya nan da can, abin da aka gaya masa shi ne, ko an samo mini takardar tafiya, Injamena za ta kai ni, ba Madina ba.

Na ce, "Kai ka tafi Talata. Ka gaya wa Kaltume."

Ya ce, "In gaya mata me? Na ari mijinta na bar shi wurin masu wandon giwa? Wallahi gara in zauna nan mu riƙa sayar da kunama tare."

Zainab ta kira da yamma. Na yi mata Hausa ta amsa da Larabci kamar kullum, tana tambaya ko na saya mata jaka. Na ce na saya. Ban saya ba.

Litinin da safe titin ya zama wani abu daban. An share, an zuba ruwa, babu amalanke ko ɗaya, sai sufayensu masu jan mayafi suna wucewa babu takalmi. Na zauna a bakin lungun har rana ta take, ko Allah zai sa ta biyo. A zaunen nan na riƙa lissafa waɗanda na raka maƙabartar Baƙi'a da hannuna, ina tunanin ni kuma wa zai raka ni, a wane gari.

Da azahar na koma wurin Liman. Bayan salla ya tsayar da jama'a, mutum goma sha wani abu, ya yi musu bayani da yarensu. Sannan ya juyo gare ni.

"Ya Shaihu, masu roti a unguwar nan suna da yawa, kusan duk Musulmi ne. Kwatanta mana fuskarta."

Na ce ban kalli fuskarta ba.

"Kwana nawa kana saye a wurinta?"

"Huɗu."

Ya fassara musu. Wani tsoho ya yi dariya har da tari. To ni me zan ce? A Madina muka tsufa, mace na magana kana kallon ƙasa. Amma akwai abin da idona ba ya bari ya wuce. Na ce rigar aikin da take ɗaurawa a gaba koriya ce, aljihunta ba nata ba ne, an yanko shi daga wani yadi mai furanni ja. An ɗinka shi da farin zare, keken da ya yi ɗinkin kuma yana tsallake, don allurarsa ta lanƙwashe. Na ce igiyar hagu ta taɓa tsinkewa an ƙulla.

Mazan suka kalli juna, babu wanda ya san komai. Sai wata mata da ke goge tagogi ta bayan labule ta yi magana. Liman ya saurara, ya tambaye ta, ta sake magana. Ya ce, "Ta ce Maryam ce. Keken ɗinkin ma na yayarta ne. A hayin kogi suke."

Liman ya ɗauki lemarsa ya ce mu je. Tafiyarsa ta masu ciwon baya ce, ni kuma kamar in goya shi. Muka hau jirgin fito, ruwan kogin ja kamar shayi da madara, muka sauka, muka bi wasu lunguna na katako a kan ruwa waɗanda mutum biyu ba sa jerawa. Sau biyu muna ɓata. Da muka isa, abin da na fara gani shi ne amalanken a ƙofar gida, an wanke shi tas yana ɗiga. Ban jira sallama ba na durƙusa na leƙa ƙasa. Babu tukunyar gas, babu komai.

Maryam ta fito tana goge hannu. Ta gane ni, ta yi murmushi. Liman ya tambaye ta. Murmushin ya tafi. Ta ce ita ba ta ga na ajiye komai ba. Ta kira mijinta, wanda shi ke wanke amalanken. Ya sosa kai ya ce ƙasan nan ai nan suke tara shara, ɓawon ayaba da na ƙwai, duk a baƙar leda. Jiya da yamma ya kwashe duka ya kai bakin lungu. Masu kwasa kuma sun zo da safe.

Liman bai so ya fassara mini ba, amma na riga na gani a hannun mutumin, yadda ya nuna hanya ya kaɗa yatsu. Na zauna a kan katakon nan. Ta tsakanin allunan ina ganin ruwa yana wucewa da robobi. Maryam ta fara kuka, mijin yana ta haɗa tafin hannu yana sunkuyawa. Ni kuma na ji kunya ta kama ni, na zo gidan mutane na sa su kuka a kan wautata.

Sai wata murya ta taso daga cikin ɗaki, siririya, da faɗa. Wata tsohuwa ce ta fito tana dafa bango, ba ta kai ƙirjina ba, uwar mijin ce. Ba ta ji sosai, sai da aka yi mata ihu a kunne. Ta kalle ni daga sama har ƙasa. Ta koma ciki. Muka ji ana jan kujera. Ta fito da Alƙur'anina a naɗe cikin farin ƙyalle, ta riƙe shi a ƙirji, ba ta miƙo ba.

Ashe ita al'adarta, kafin a kai shara sai ta bi ledojin ta zazzage masu kyau ta wanke ta ajiye. A nan ta same shi. Ta ɗora shi a kan kabad ba ta gaya wa kowa ba, tana jiran ta ga wane marar tarbiyya ne zai zo nema.

Ta fara yi mini faɗa. Liman yana fassarawa yana kallon gefe. Ta ce da furfurata zan ajiye maganar Allah a ƙasa, wurin ƙafafu, cikin ɓawon ƙwai. Ta ce wa ya rene ni. Ta ce a wane gari ake haka. Na ce a faɗa mata duk abin da ta ce gaskiya ne. Sannan na ce a tambaye ta, akwai wani ƙaramin littafi tare da shi, da kati.

Aka yi mata ihu a kunne. Ta yi tsaki, ta sa hannu a lalitar zaninta ta zaro su. Fasfon ya sha mai a gefe guda, amma hotona na nan yana kallona kamar shi ma yana da magana.

Da Liman ya gaya mata garin da na fito, sai ta daina faɗan. Ta sa aka zaunar da ita. Ta ce ita ba za ta samu zuwa ba, in kai gaisuwarta wurin Manzon Allah, in faɗi sunanta da na mahaifinta. Kafin in tashi maƙwabta sun ji, suka yi ta shigowa, kowa da sunansa. Na ari biro na rubuta su da ajami a bayan kwalin madara, sunaye goma sha tara. Na isar da su duka washegarin dawowata, ban tsallake ko ɗaya ba, ko da yake wasu na san ban faɗe su daidai ba.

Talata muka taso. Fasfon na ɗinke shi a cikin aljihun singileti da zare biyu, sai da na farke a gaban jami'i a filin jirgi, mutane na jira a bayana. A Madina aka kawo wa Alhaji keken guragu saboda gwiwarsa, na tura shi har layin 'yan ƙasa, ya wuce ya tsaya yana jirana ta can. Na shiga nawa layin.

Jami'in saurayi ne. Ya buɗe fasfon, ya shinshina, ya dube ni. Ya duba na'urarsa ya ce, "Saura kwana ɗaya, ya Hajji." Na ce na sani. Ya ce in ɗora yatsa. Na ɗora, wuta ta yi ja. Allura ta cinye mini zanen yatsu tun tuni. Ya ce in sake. Ja. Ya kira wani babba, suka yi magana ƙasa-ƙasa suna kallon tabon man. Babban ya ce in goga yatsan a goshina in ɗora na hagu. Goshin kuwa akwai gumi isasshe. Na ɗora. Na'urar ta yi tunani, ta yi tunani, sannan ta yi kore.

Na karɓi fasfona na yi taku kamar biyar, ƙafafuna suka ce sun gama aiki. Alhaji ya dube ni, ya dafa hannun keken ya miƙe a kan gwiwoyinsa na allura.

Ya ce, "Zauna, ɗan Cadi."

Na zauna. Haka muka fito, majinyaci na tura ɗan rakiya, Kaltume da Zainab na tsaye a bakin ƙofa suna kallonmu.